Hajiya ta ce a ajiye inhela a koma man zaitun

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kano, 'ya'yana uku, muna gida ɗaya da mahaifiyar maigidana, ita da sashenta. Babban yarona shekararsa 6. Tun yana ɗan shekara 4 likita ya ce asma gare shi, ya rubuta masa inhela biyu, shuɗiya da mai ruwan ƙasa, kuma ya samu sauƙi sosai. Watan jiya baban yara ya ga wani bidiyo a WhatsApp, wai Turawa sun gano sinadaran da ke cikin zaitun suna wanke huhu, suna raba mutum da asma. Ya nuna wa Hajiya. Ita dama ba ta ƙaunar inhelar, ta ce sabo take sawa, yaro zai girma ba ya iya numfashi sai da ita. Yanzu sun ce a ajiye. Kullum da safe Hajiya tana ba shi man zaitun cokali biyu, in ya ƙi ta toshe masa hanci ta yi masa ɗura, da dare kuma ta ɗiga masa a hanci yana kwance, ga shayin ganyen zaitun. Tarin dare ya dawo, wani lokaci ƙirjinsa har fito yake yi. Ni kuma a ɓoye nake fesa masa shuɗiyar. Da na yi magana maigidan ya ce ko na fi Hajiya son yaron ne, kuma wai ina ja da abin da Allah ya ambata a Alƙur'ani. Ɗan fari ne, ina jin nauyin a ga ina rawar jiki a kansa. Shin da gaske zaitun yana warkar da huhu? Yaya zan yi ba tare da na ɓata da surukata ba?

Uwar yaro, Kano

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba yaro lafiya, ya ba ki ladan tashin daren da kike yi.

Zan fara da abin da ba ya jiran gobe. Ɗiga mai a hanci da yi wa yaro ɗura, waɗannan biyun a daina su daga yau, ko da sauran maganar za ta ɗauki makonni kafin a daidaita. Dalili shi ne mai yana da santsi, kuma ba ya tayar da tari da ƙarfi yadda ruwa ke yi idan ya bi ta maƙogwaron iska. Yaro yana kwance an ɗiga masa, ko yana kuka an toshe masa hanci ya ja numfashi da baki cike da mai, wani kaso yana iya zarcewa cikin huhu ba tare da kowa ya lura ba. Huhu kuwa ba shi da hanyar narkar da mai irin ta ciki. Man yakan kwanta a ƙananan aljihunan iska, jiki ya taru a kansa da kumburi, a wayi gari da wata irin limoniya mai naci, tari da zazzaɓi da rama, wadda maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya taɓa ta, har a riƙa zaton tarin fuka ne. Likitocin yara a garin Abha, yankin Asir da ke kudancin Saudiyya, sun buga rahoto a 1997 kan yaran da suka kamu da wannan ciwo, kuma man zaitun ɗin da iyaye ke ɗiga musu a hanci bisa al'ada shi ne sanadi. Iyayen nan ba mugaye ba ne, gata suke nufi, kamar dai Hajiya. Ba ina cewa abin ya riga ya sami yaronki ba. Ina cewa ne huhun da asma ta riga ta raunana bai kamata a yi wannan caca da shi ba.

Sai tambayarki ta farko. Bidiyon da maigidanki ya gani ba ƙarya ce zalla ba, shi ya sa take da wuyar ƙaryatawa. Akwai gaskiya a gindinta, an dai ja ta ne har ta wuce inda ta tsaya.

Zaitun yana da sinadarai da masu bincike suka daɗe suna sha'awa. Akwai oleuropein, mai ɗacin nan da ya fi yawa a ganye da ɗanyen ɗa. Akwai hydroxytyrosol, wanda ke kare ƙwayoyin jiki daga irin lalacewar da hayaƙi da gurɓatacciyar iska ke jawowa. Akwai kuma oleocanthal, shi ne ke sa mai na ƙwarai ya ɗan yi yaji a maƙogwaro har mutum ya yi gyaran murya. Wani masani mai suna Gary Beauchamp, na cibiyar Monell da ke Filadelfiya a Amurka, ya lura wannan yajin ya yi kama da na ruwan maganin ibuprofen, shi da abokan aikinsa suka bi diddigi, suka buga sakamako a 2005 cewa lallai oleocanthal yana toshe hanyar kumburi iri ɗaya da wadda ibuprofen ke toshewa. Amma a lissafinsu, mutum sai ya sha giram 50 na man, kusan cokali huɗu na cin abinci, kafin ya sami kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙarfin ibuprofen ɗin da babba ke sha don ciwo. Sannan ga abin da masu bidiyo ba sa faɗa: shi kansa ibuprofen ba maganin asma ba ne. Hasali ma akwai masu asmar da likita ke hana su shan sa da asfirin, saboda yana tayar musu da ciwon.

Game da huhu kai tsaye, mafi yawan abin da ake da shi gwaji ne a kan ƙwayoyin halitta a ɗakin bincike da kuma ɓeraye. A nan an ga oleuropein yana rage kumburin hanyoyin iska a ɓerayen da aka sa wa asma ko aka shaƙa wa hayaƙin taba. Abin ƙarfafa gwiwa ne ga masu neman sabon magani, amma sinadarin da aka tace aka auna aka ba ɓera daban yake da cokalin man da aka saya a kasuwa, kuma magunguna da yawa sun yi abin mamaki a jikin ɓera suka zo kan mutum suka kasa. A mutane, abin da ake da shi yawanci lura ce da yadda jama'a ke cin abinci. A tsibirin Kirit na ƙasar Girka, binciken da aka buga a 2007 ya nuna yaran karkara masu yawan cin 'ya'yan itatuwa da kayan lambu da dangin gyaɗa sun fi ƙarancin fiton ƙirji da mura mai atishawa. A Italiya ma an ga manya masu yawan cin man zaitun sun fi ƙarancin asma. Irin wannan bincike yana nuna abubuwa biyu suna tafiya tare, ba ya tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗayan, balle ya ce wanda ya riga ya kamu zai warke. Hujja mafi ƙarfi da man zaitun yake da ita a kan zuciya da jijiyoyin jini take, daga wani babban gwaji da aka yi a Sifen da mutum sama da 7,000. Ita ma Tarayyar Turai, da ta tashi a 2012 ta ba masu sayar da mai izinin rubuta amfanin waɗannan sinadarai a kwalba, abin da ta yarda a rubuta shi ne suna taimakawa wajen kare kitsen da ke cikin jini, da sharaɗin a sami miligiram 5 na sinadaran a cikin giram 20 na mai. Ba ta ambaci huhu ba. Kuma a lardin Jaén na Sifen, inda babu wurin da ya kai shi tatsar man zaitun a duniya, masu asma suna nan da inhelarsu a aljihu, har ma ƙurar furen bishiyar na cikin manyan abubuwan da ke tayar musu da ciwon idan lokacin fure ya zo.

Don haka amsata ita ce: zaitun abinci ne mai kyau ƙwarai, yaronki zai amfana da shi a cikin kwano, amma ba ya buɗe hanyar iskar da ta tsuke, kuma ba ya maye gurbin ko ɗaya daga cikin inhelar nan biyu.

Ina so ki fahimci aikinsu sosai, domin da wannan za ki yi bayani. Shuɗiyar ta gaggawa ce, tana sassauta naman da ya shaƙe hanyoyin iska cikin 'yan mintuna, aikinta ya kai kamar awa huɗu ya wuce. Mai ruwan ƙasar ita ce ta kullum, tana kwantar da kumburin da ke can ciki sannu a hankali, ba a jin aikinta nan take, kuma idan aka daina ta kumburin yakan dawo cikin kwanaki ko makonni. Abin da kike gani ke nan yanzu. Fesa shuɗiyar da kike yi a ɓoye ya taimaka, ban ga laifinki ba ko kaɗan, amma yayyafa wa harshen wuta ruwa ne alhali garwashin yana nan a ƙasa. Yaron da ke tashi da tari cikin dare, ko yake bukatar shuɗiyar fiye da sau biyu a mako, asmarsa ba ta kwanta ba, kuma irinsa ne ciwon ke yi wa tashin bazata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ke da asma, 455,000 suka rasu sanadinta, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi inda ba a samun inhela ko ba a amfani da ita yadda ya kamata.

Tsoron Hajiya na sabo, ki ɗauke shi da muhimmanci, kada ki yi masa dariya ko a zuci. Ta ga yaro yana neman wani ɗan ƙarfe duk lokacin da numfashi ya yi masa wuya, dole ta zargi ɗan ƙarfen. Gaskiyar ita ce maganin ba ya sa maye kuma ba ya sa jiki ya manta yadda ake numfashi. Ciwon ne mai daɗewa, shi ya sa maganin ke daɗewa. Yara da yawa asmarsu tana lafawa idan sun tasa, kuma likita da kansa yakan rage maganin mataki-mataki idan yaro ya yi watanni lafiya. Illar da aka sani ga mai ruwan ƙasar ita ce tana iya sa farin baki ko dishewar murya, wanda kurkure baki bayan fesawa ke karewa, sannan tana iya rage tsawon yaro da kusan santimita 1. Ki faɗa musu wannan da bakinki, don kada su ji shi a wani wuri su ce an ɓoye musu.

Yanzu maganar da ta fi yi miki ciwo, wai kina ja da abin da Allah ya ambata. Ba ki ja ba. Allah ya yi rantsuwa da zaitun, ya kira bishiyarsa mai albarka, kuma hadisi ya zo da umarnin a ci mansa a shafa shi. A ci, a shafa. Wannan kuwa ba wanda ya hana. Kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya ce a nemi magani, domin Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Albarkar zaitun ba ta zama haramcin inhela ba, kamar yadda ba wanda ke ƙin ɗorin karaya don yana da zuma a gida. Sai dai shawarata kada wannan hujja ta fito daga bakinki zuwa kunnen Hajiya. In akwai malamin da take ganin girmansa, ko wata 'yar'uwarta da ta yi aikin asibiti, maganar za ta fi shiga daga can.

Wanda za ki zauna da shi maigidanki ne, kuma ina ganin shi ne mabuɗin, ko da yake shi ya kawo bidiyon. Ki duba matsayinsa. Ya kawo abu da murna yana zaton ya samo wa ɗansa waraka, mahaifiyarsa ta karɓa hannu bibbiyu, yanzu janyewa na nufin ya ce ya yi kuskure kuma ya saɓa wa uwa a lokaci guda. Wataƙila ma akwai nauyin aljihu da bai furta ba, domin inhela ta yi tsada matuƙa a 'yan shekarun nan. Kada ki tare shi a gaban kowa, kada kuma ki fara da bidiyon. Daren da yaron ya tashi da tari, ki tashe shi, ki ce, “Baban yara, don Allah sa kunnenka a bayansa ka ji.” Ya ɗaga masa riga ya ga yadda fatar tsakanin haƙarƙari ke lotsawa. Uban da ya ji wannan fiton da kunnensa ba ya bukatar dogon wa'azi. Da gari ya waye ki faɗa masa gaskiya cewa kina fesa shuɗiyar. Na san da nauyi, amma ɓoyewar tana cutar da ke ta wata hanya: duk sauƙin da yaron ya samu, man zaitun ake ba wa lada, ana ƙara sakankancewa. Sannan ki roƙe shi abu ɗaya tak, ku je asibiti tare cikin makon nan, da kwalbar man da ganyen da inhelar duka, ya nuna wa likita bidiyon ya yi tambayoyinsa da kansa. In Hajiya za ta yarda ta bi ku, ya fi. A can ki tabbata kin gaya wa likita tun yaushe ake ɗiga man a hanci da yin ɗurar, ko da ba a tambaye ki ba, domin shi zai sa ya san ko akwai bukatar hoton ƙirji. Ki kuma tambaye shi ko akwai samfurin inhela mai rahusa, domin magani ɗaya kamfanoni da yawa ke yin sa.

Ita kuwa Hajiya, kada a ƙwace mata jikanta. Tsohuwar da ke tashi da sassafe ta auna cokali saboda “maigidanta” ba abokiyar gaba ba ce, so take a ce da hannunta a cikin lafiyarsa. A bar mata zaitun ɗin, a canza masa hanya kawai. Ɗanta ya ce mata likita ya ce a ci gaba da man amma a cikin abinci, kuma ita ce za ta riƙa zuba masa. Ƙaramin cokali ɗaya ko biyu a kan wake da shinkafa, ko ɗanwake, ko kwaɗon zogale, bayan an sauke, ya wadatar. In tana son ta shafa masa a ƙirji da baya ta yi masa addu'a, babu laifi muddin fatarsa ba ta yi ƙaiƙayi ba. Shayin ganyen dai a dakata da shi, an fi gwada shi a kan manya, yana iya sauke hawan jini, kuma ba a san gwargwadon da ya dace da ɗan shekara 6 ba, ga shi busasshen ganyen da aka ƙulla a leda ba kowa ke iya rantsuwa a kan ko na wace bishiya ne ba. Idan da hali ma a koya mata fesa mai ruwan ƙasar ta safe, ta zama aikinta. Kakar da aka damƙa wa amanar magani ta fi kowa tsare lokacinsa.

Tunda za a ci gaba da sayen man, a sayi wanda ke ɗauke da abin da ake nema. Sinadaran nan a man tatsar farko suke, wanda aka rubuta Extra Virgin a jikinsa. Wanda aka tace da zafi, ko aka rubuta Pomace, kusan duk sun fita daga cikinsa. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a zaɓi kwalba mai duhu, a ajiye ta nesa da murhu da rana. Ki ɗanɗana: na ƙwarai yana da ɗan ɗaci da yaji a maƙogwaro, wanda ya yi salam ko yake warin tsohon mai kuɗin banza ne. In kuɗi bai isa a haɗa biyun ba, inhela ce gaba, mangwaro da lemo da gwanda da ganye su cike gurbin zaitun.

Akwai kuma abubuwan da za su yi wa huhunsa aikin da ake fata daga man, ba tare da an kashe ko sisi ba. Turaren wuta, na san taɓa shi taɓa martabar ɗaki ne, amma a riƙa yin sa lokacin da yake makaranta, a buɗe tagogi kafin ya dawo. Maganin sauro na kunnawa a maye shi da gidan sauro. Kada ya zauna kusa da murhun itace ko gawayi, janareta ya yi nesa da tagar ɗakin da yake kwana, a yayyafa ruwa kafin shara, in akwai mai shan taba ya sha a waje. Idan hunturu ya kama, takunkumi a hanyar makaranta yana rage ƙurar da yake shaƙa. Sannan ki duba yadda ake fesawar, domin yaro ɗan shekara 6 da wuya ya haɗa dannawa da jan numfashi, rabin maganin a harshe yake tsayawa. Akwai bututun da ake sayarwa don haka. In bai samu ba, likitocin yara a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu sun nuna tun 1999 cewa gorar roba mai cin mililita 500 tana yin aikin: a huda gindinta daidai bakin inhelar yadda zai shige ya matse, yaro ya kama bakin gorar da leɓɓansa, a danna sau ɗaya, ya ja numfashi a hankali kamar sau biyar kafin a sake dannawa. A wanke ta da ruwan sabulu a bar ta ta bushe da kanta, kada a goge cikinta. Ki je da ita asibiti ma'aikaciyar jinya ta duba yadda kike yi.

In duk wannan bai karɓu ba, suka dage sai an ajiye maganin, to lokacin shigo da manya ya yi, mahaifinki ko wan maigidan ko duk wanda ake jin maganarsa a gidan, cikin ladabi kuma ba da sunan ƙara ba. Kunyar ɗan fari ado ce, kuma na ga kina da ita, amma huruminta shi ne kiran suna da wasa da shi a gaban mutane. Ba ta kai ga numfashinsa ba, kuma babu surukar kirki da za ta riƙe ki a zuci don kin tsaya a kan wannan.

Tun yau ki nemi izinin maigidan a gaba, cewa duk daren da abin ya tashi za ki fita da yaron ko yana gida ko ba ya nan, ki kuma ajiye lambar mai adaidaita sahu na unguwa da kuɗin mota a gefe. Idan kika ga ba ya iya ƙarasa magana sai ya tsaya ya ja numfashi, ko ramin wuyansa da tsakanin haƙarƙarinsa suna lotsawa sosai, ko leɓɓansa da harshensa sun canza launi, ko ya yi laushi yana lumshe ido, ko kin fesa shuɗiyar bai sassauta ba, ki zaunar da shi a miƙe, kada ki ba shi abinci ko abin sha, ki ci gaba da fesa masa shuɗiyar ta cikin gorar kuna hanyar asibiti. Ki sa likita ya rubuta miki a takarda sau nawa za ki danna a irin wannan hali, ki liƙa ta a bango inda maigidan da Hajiya za su gani. Ki rubuto mini bayan kun dawo daga asibitin in ji yadda kuka yi da su Hajiya.